Maharbi a gaban farfela: tarihin jirgin SPAD A

Cikin hotunan da suka rage na yaƙin duniya na farko akwai na wani jirgin saman Faransa wanda duk wanda ya gan shi sai ya sake dubawa. Fukafukai biyu gare shi, ɗaya bisa ɗaya, kamar yawancin jiragen zamaninsa, injin yana gaba, matuƙi yana bayan injin. Amma a gaban farfela, inda ya kamata a ce babu komai sai iska, an rataya wani ɗan akwati na katako, cikin akwatin kuwa ga mutum zaune da bindiga. Tsakanin ƙeyarsa da farfelar nan mai juyawa fiye da sau dubu a minti ɗaya, babu abin da ya shiga sai ƴar ragar waya. Sunan jirgin SPAD A, ya fara tashi cikin watan Mayu na 1915, yana kuma cikin jiragen farko da aka ƙera a Faransa musamman domin su kai mutum biyu sama su farauci wani jirgi. Littattafan tarihin jiragen sama sukan ba shi layi biyu ko uku, su yi masa dariya su wuce. A ganina ya cancanci a tsaya a kansa, domin wanda ya zana shi shi ne injiniyan da ya fi kowa sanin sirrin gudu a Faransa ta wancan lokaci, lissafinsa kuma daidai yake ta kowace fuska in ban da guda, wato ta mutumin da aka zaunar cikin akwatin.

Kafin a gane abin da ya kai shi ga wannan dabara, sai an san dalilin da ya sa jirgin soja ya fara da kujera biyu. Lokacin da yaƙi ya ɓarke cikin Agusta 1914, shekara biyar kacal ke nan da Louis Blériot ya ƙetare mashigin tekun da ya raba Faransa da Ingila. Gaskiya ne tun 1911 Italiyawa sun jefa gurneti daga sama a kan sansanonin Turkawa kusa da Tarabulus ta Libiya, amma a wurin manyan hafsoshi jirgi ido ne kawai, aikinsa ya haura ya hango inda rundunar abokan gaba ta dosa, ya komo da labari. Aikin nan na mutum biyu ne: ɗaya ya tuƙa, ɗaya ya dubi ƙasa, ya bi taswira, ya rubuta abin da ya gani. A rundunar Jamus ma mai duban shi ne hafsa, shi ke ba da umarni, matuƙin kuwa sau da yawa ƙaramin soja ne da ake ɗauka tamkar direban mota. Amfanin wannan ido ya bayyana tun farkon Satumba 1914, sa'ad da jiragen Faransa da na Ingila suka ga rundunar Janar von Kluck ta bar hanyar Paris ta karkata kudu maso gabas, labarin da ya taimaka wajen shirya gumurzun kogin Marne. Daga ranar kowane ɓangare ya fahimci cewa tsone idon abokin gaba wajibi ne kamar buɗe nasa.

Da farko da ƙananan bindigogi aka riƙa yi, na aljihu da na kafaɗa, mai duba ya miƙe ya harba, galibi a banza. Ranar 5 ga Oktoba 1914 al'amarin ya sauya. Sarjan Joseph Frantz yana tuƙa jirgi ƙirar Voisin, makanikensa Kafaran Louis Quénault yana riƙe da bindiga mai sarrafa kanta ƙirar Hotchkiss, suka kakkaɓo wani jirgin Jamus ƙirar Aviatik a sararin Jonchery-sur-Vesle, kusa da Reims, mutum biyun da ke ciki suka mutu. Wannan shi ne karo na farko da aka tabbatar jirgi ya harbo jirgi da bindiga. Abin da ya ba su dama shi ne ƙirar Voisin ɗin: injinsa da farfelarsa a baya suke, tura shi suke yi, saboda haka gabansa fili ne fetal, babu abin da ya tare bakin bindiga.

A nan matsalar take, kuma matsala ce ta lissafi. Jirgin da farfelarsa take gaba, tana jansa, ya fi mai farfela a baya gudu da saurin haurawa. To amma injin na lokacin yakan juya kamar sau 1200 a minti. Farfela mai reshe biyu ke nan tana gilmawa ta gaban bakin bindiga sau 40 cikin kowane sakan, bindigar kuwa tana aman harsashi takwas zuwa goma cikin sakan ɗin. Ba za a daɗe ana harbi ba sai wani harsashi ya sami katakon, matuƙi ya harbo kansa da kansa. Tun kafin yaƙi akwai waɗanda suka hango maganin, wato wata na'ura da za ta haɗa injin da kunamar bindiga yadda harsashi ba zai fita ba sai farfela ta kauce. Franz Schneider, ɗan Suwis mai aiki a Jamus, ya yi rajistar irin wannan ƙirƙira a 1913, Raymond Saulnier ya yi tasa a Faransa cikin Afrilu 1914. Sai dai bindigogin da Faransawa ke ɗorawa a jirgi ba su dace da irin wannan aiki ba, harsashinsu kuma wani ya tashi nan take, wani ya ɗan yi nawa, nawar da ba ta kai ƙiftawar ido ba kuwa ta isa ta farfasa farfela. Aka jingine maganar.

Turawan Ingila suka bi hanyar farfela a baya. Kamfanin Vickers ya nuna wani jirgin gwaji mai kujera biyu da bindiga a hanci a baje kolin Landan cikin Fabrairu 1913. Nauyin gaba ya rinjaye shi, ya faɗi tun a gwajin farko. Bayan samfura da dama sai jikansa, F.B.5, ya isa fagen daga cikin Fabrairu 1915. Jirgi ne mai aminci, amma dubi abin da ƙirar ta ci masa. Tun da farfela tana juyawa a tsakiya, ba shi yiwuwa a yi masa gangar jiki guda har wutsiya, sai aka riƙe wutsiyar da dogayen sanduna huɗu da wayoyi rututu kamar akurkin kaji, kowace sanda da kowace waya kuwa birki ce a cikin iska. Da ƙyar yake haura kilomita 110 a awa. Mafaraucin da naman dajinsa ya fi shi sauri sai dai ya jira sa'a.

Louis Béchereau ba mutumin da zai yarda da akurkin kaji ba ne. An haife shi a 1880 a Plou, cikin jihar Cher, ya yi karatun injiniya a makarantar sana'o'i ta Angers. Maigidansa na farko a harkar jirage, Armand Deperdussin, dillalin siliki ne mai facaka da kuɗi, shi ya sakar masa hannu ya ƙera abin da yake so. Abin da ya fito daga hannunsa shi ne jirgin tsere mai fiffike ɗaya, mai gangar jiki sumul kamar ƙwai, wadda aka yi da siraran katako da aka manna bisa juna. Da shi Jules Védrines ya ci kofin Gordon Bennett a Chicago a 1912, da shi kuma Maurice Prévost ya sake cinsa a Reims cikin Satumba 1913, inda ya yi fiye da kilomita 200 cikin awa guda, abin da ɗan Adam bai taɓa yi a sama ba. Ana wannan tsere maigidan yana tsare. Cikin Agusta 1913 aka kama shi bisa damfarar banki ta miliyoyin faranka da takardun siliki na bogi. Sai 1917 aka yanke masa hukuncin shekara biyar na jeka-ka-gyara-halinka, ya kashe kansa a 1924 cikin talauci. A 1914 wasu masu jari ƙarƙashin Blériot suka karɓi kamfanin, suka sake masa suna da dabara yadda haruffa huɗun nan, SPAD, ba su canza ba, sunan Deperdussin kaɗai ya fita. Béchereau ya tsaya a kujerarsa.

Abin da ya kai ofishin rajistar ƙirƙira cikin Fabrairu 1915 mai sauƙin faɗi ne. A bar injin da farfela a gaba saboda gudu, a kai bindiga gaban farfela saboda fili. Bindigar lokacin kuwa ba ta zama ita kaɗai. Ƙirar Lewis da aka fi ɗora wa jirgin faifai take ci mai harsashi 47, wanda ke ƙarewa cikin ƴan sakan, sai an cire an sa wani; tana kuma cijewa, sai an gyara ta da hannu; ga buƙatar mai juya ta sama da ƙasa, dama da hagu. Saboda haka mutum ya bi bindigarsa. Wannan jimla ita ce dukan tarihin SPAD A: wurin bindiga aka fara zaɓa, sa'an nan aka aika mata da mai hidima, kamar yadda aka aika mata da ƙarfen da za ta zauna a kai.

Akwatin da kansa aiki ne mai tsafta. Faransawa suna ce masa *nacelle*, kalmar da ta fito daga Latin da ma'anar ɗan ƙaramin jirgin ruwa, ita ce kuma suke kiran kwandon da ke rataye ƙarƙashin balan-balan. Abin sha'awa, Bahaushe ma ta wannan ƙofa ya shigo: jirgi tun asali na ruwa ne, sai daga baya ya hau dogo, ya kuma tashi sama. An yi akwatin da katako marar nauyi, an ba shi hanci mai tsini don ya tsaga iska. Ta ƙasa an haɗa shi da sandunan tayoyi da mahaɗi mai lanƙwasawa irin na ƙyauren ƙofa, ta sama kuma an riƙe shi da wasu sanduna da ake iya kwancewa, yadda makanikai za su sunkuyar da shi ƙasa su kai ga injin, in sun gama su ɗaga shi su ɗaure. Injin ƙirar Le Rhône ne mai tukwane tara, mai ƙarfin doki 80, irin wanda dukansa yake juyawa tare da farfela, iska ce kuma kaɗai ke sanyaya shi. Tun da akwatin ya tare masa iskar, sai aka yi wasu kafofi a gefensa masu karkatar da ita zuwa ga injin. A samfuri na biyu, A.2, aka sa mai ƙarfin doki 110, jirgin ya riƙa yin wajen kilomita 140 a awa, ya bar Voisin da Vickers a baya nesa. Amma babban injin ya riƙa zafi, har a samfurin A.4 aka koma ga ƙaramin.

Akwai wani ƙaramin abu a fukafukan da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin zai sake fitowa. Tsakanin fiffiken sama da na ƙasa akwai dogayen wayoyi masu gicciye juna, waɗanda kan yi rawa cikin iska har su gaji su tsinke. Béchereau ya kafa wasu siraran sanduna daidai inda wayoyin suka gicciya, suka riƙe su. Mai kallo sai ya zaci layin ginshiƙai biyu ne a kowane gefe, alhali ɗaya ne, na biyun aikinsa hana rawa kawai. Fukafukan suka fito da ƙarfi da rashin kauri.

A takarda an sami kome. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Filayen jirage na bakin daga gonaki ne da makiyaya, ruwan sama ya jiƙa su, tayoyin motoci sun yi musu kwari. Jirgin lokacin tayoyi biyu ne da shi a gaba, in ɗaya ta faɗa rami ko ta kafe cikin laka sai ya dungura ya kafa hanci a ƙasa, wutsiya sama. Abin ya zama ruwan dare har matuƙan Faransa suna da sunan barkwanci gare shi, suna cewa jirgi ya yi *pylône*, wato ya tsaya kamar turken waya. A jirgi na kullum abin da ake asara farfela ce, matuƙi ya fito ya kaɗe rigarsa, abokai su yi masa tsiya. A SPAD A abin da zai fara taɓa ƙasa mutum ne, abin da zai biyo bayansa kuwa injin mai nauyin fiye da kilo ɗari, yana juyi. Haɗarin da ba ya kashe kowa a wani jirgi, a wannan yana iya niƙe maharbi. Akwatin kuma ya tare wa matuƙi gani a daidai lokacin sauka, wato shi ya ƙara yawan dungurawar da yake tsoro.

A sama ma ba a huta ba. Duk abin da ya suɓuce wa maharbi, kwanson harsashi ne ko faifan da ya ƙare ko gefen gyalensa, baya iska take kai shi, bayan kuwa farfela ce. Gaba kura, baya siyaki. Laimar tsira babu, domin a duk tsawon yaƙin Faransa da Ingila ba su ba mutanen jirage ita ba, sai masu leƙe daga balan-balan. Amma aibin da ya fi waɗannan nauyi a fagen yaƙi shi ne wanda ba ya fitowa a hoto: mutum biyun ba su iya magana. A sauran jirage masu kujera biyu ana ihu a kunne, ana dafa kafaɗa, ana nuni da hannu, ana miƙa ƴar takarda. A nan injin da farfela sun raba su kamar katanga, ɗaya yana kallon ƙeyar ɗaya ta cikin hazon farfela. Harbi daga jirgi kuwa aikin haɗin baki ne. Maharbi ya ga abin da matuƙi bai gani ba, yana so a karkata dama, matuƙi ya karkata hagu a daidai lokacin da aka danna kunama. In kuma abokin gaba ya ɓullo ta baya, wanda shi ne abin da kowane mafarauci yake nema, bindigar ba ta da ta cewa, domin injin da fukafukai da matuƙin kansa duk suna kan hanyarta.

Kada a ce wauta ce ta Bafaranshe guda. A cikin watannin nan masana'antar jirage ta gwamnatin Ingila da ke Farnborough ta fito da irinsa, B.E.9, wanda ya tashi cikin Agusta 1915, sojoji suka laƙaba masa sunan mumbarin coci saboda yadda mai bindiga ke tsaye can gaba shi kaɗai kamar mai wa'azi. Guda ɗaya aka ƙera, aka kai shi Faransa, rukunoni suka gwada. Hugh Dowding, wanda a lokacin yake shugabantar rukuni na 16, wanda kuma zai jagoranci jiragen farautar Ingila a 1940, ya ba da rahoto cewa jirgin haɗari ne ƙwarai ga fasinjansa. Hugh Trenchard, babban kwamandan jiragen Ingila a Faransa, ya ƙi amincewa da shi. Maganar ta mutu nan. Bambancin ƙasashen biyu ke nan a wannan batu: Ingila ta tsaya a zakaran gwajin dafi guda, Faransa ta yi oda. Dukan samfuran SPAD A da aka ƙera sun kai ɗari da ƴan kai. Ba a taɓa cika rukuni guda da su ba, ɗai-ɗai da bibbiyu aka rarraba su, inda duk suka je kuma ba a yi marhabin da su ba.

Ko da an so su, zamani ya riga ya wuce su tun kafin su tashi. Roland Garros, ɗan tsibirin Réunion da ya ƙetare Bahar Rum a 1913, wanda yau aka fi saninsa da filin wasan tanis na Paris, ya koma ga aikin Saulnier ya bi ta gajeriyar hanya: ya ɗaura wa farfela wasu ƙarafa masu kusurwa a daidai layin bindiga, harsashin da ya same su ya goce, saura su wuce. Ranar 1 ga Afrilu 1915 ya harbo jirgin Jamus, shi kaɗai cikin jirginsa, yana saiti da hancin jirgin. Ranar 18 ga watan ya sauka dole a bayan layin Jamusawa a Beljiyam, aka kama shi da jirgin bai gama ƙonewa ba. Injiniyoyin kamfanin Anthony Fokker, ɗan Holan mai ƙera wa Jamus jirage, suka fito da na'urar haɗa injin da kunama wadda take aiki da gaske, domin bindigoginsu sun dace da ita. Zuwa Yuli da Agusta 1915 jiragen Fokker masu kujera ɗaya sun fara kakkaɓo na ƙawance. Faransawa suka mayar da martani da ƙaramin Nieuport 11, wanda aka ɗora wa bindiga bisa fiffiken sama tana harbi ta kan farfela, ya kuma yi aiki a sararin Verdun a 1916, kafin su ma su sami tasu na'urar cikin shekarar. Abin da Garros ya nuna ya fi ƙarafansa muhimmanci: in bindiga tana kafe tana kallon gaba, jirgin dukansa ya zama bindiga, hannun da ke tuƙi shi ke saiti, babu sauran buƙatar mutum biyu su fahimci juna.

Faransa ta janye nata SPAD A daga bakin daga ba da jimawa ba. Fiye da rabin waɗanda aka ƙera Rasha aka tura wa, inda ƙarancin jirage ya kai matuƙa, rashin uwa kuwa akan yi uwar ɗaki. Can aka cire wa wasu tayoyi aka sa musu katakan zamiya saboda ƙanƙara, suka ci gaba da aiki bayan an daina ganinsu a Faransa. Ba zan ɓoye ra'ayina a kan wannan ba: jirgin da aka ga bai dace a sa ɗan ƙasa a ciki ba, aka ga ya dace da ɗan ƙawa. A ofishin zane kuma an ɗan ci gaba da lalube. An gwada samfuri mai abin tuƙi a kujeru biyun, an kuma gwada wanda aka fitar da mutum daga akwatin aka bar bindiga kafe a ciki, matuƙi yana harba ta daga wurinsa. Wannan na ƙarshe kamar amsa laifi ne, sai dai ya zo a lokacin da akwatin kansa ba shi da sauran dalili.

Tambayar inda za a zaunar da mutum na biyu a Ingila aka warware ta. Frank Barnwell na kamfanin Bristol ya zana jirgi mai injin Rolls-Royce a gaba, samfurinsa na farko, F.2A, ya tashi ranar 9 ga Satumba 1916. Matuƙi yana da bindiga kafaffiya mai harbi ta cikin farfela. Maharbi yana bayansa, baya da baya, kusa har suna iya taɓa juna, da bindigar Lewis bisa zobe mai juyawa, an kuma sassauke wutsiya don kada ta tare masa fili. Duk da haka fitarsa ta farko masifa ce. Ranar 5 ga Afrilu 1917 jirage shida na rukuni na 48 suka fita ƙarƙashin Kaftin William Leefe Robinson, gwarzon da ya harbo jirgin balan-balan na Jamus kusa da Landan a Satumba 1916. Suka gamu da Albatros biyar na Manfred von Richthofen. Aka bi tsohon karatu: a tafi a jere, a miƙe sak, a bar wa maharba aiki, matuƙi direba ne kawai. Huɗu cikin shida ba su komo ba, Robinson ya faɗa hannun Jamusawa. Cikin ƴan makonni matuƙan da suka rage suka gano da kansu cewa jirgin yana jure juyi da nutso kamar mai kujera ɗaya. Suka riƙa kai hari da bindigar gaba, na baya ya tsare musu ƙeya, ya buga kafaɗa in ya ga abin da ba a gani ba. Jirgin da aka yi wa kallon gawa ya zama abin tsoro; Andrew McKeever, ɗan Kanada, da maharbansa an lissafa musu jirage 31. An ƙera fiye da 5000, rundunar saman Ingila ta yi aiki da shi har 1932, yawancin shekarun nan na ƙarshe kuwa a kan ƙauyukan Iraƙi da na iyakar Indiya ya yi su, cikin hidimar mulkin mallaka.

Shi kuwa Béchereau, da ya sauke akwatin sai ya ga abin da ya rage jirgi ne na ƙwarai. Gangar jikin da fukafukan ba su taɓa zama matsala ba. A 1915 Marc Birkigt, injiniya ɗan Suwis na kamfanin Hispano-Suiza, ya fito da sabon injin mai tukwane takwas, wanda ruwa ke sanyayawa, ba ya juyawa tare da farfela, yana ba da ƙarfin doki 140 zuwa 150. Béchereau ya ɗora shi a kan ƙirar nan, kujera ɗaya, bindigar Vickers ɗaya mai harbi ta cikin farfela. Samfurin ya tashi cikin Afrilu 1916, wata goma sha ɗaya bayan tashin SPAD A, ya isa bakin daga a ƙarshen bazarar Turai da sunan SPAD VII, yana gudun wajen kilomita 190 a awa, yana kuma nutso da ƙarfin da ke karya fukafukan wasu jirage. Da shi Georges Guynemer ya yi yawancin farautarsa ta ƙarshe kafin ya ɓace a sararin Beljiyam ranar 11 ga Satumba 1917. Ƙanensa SPAD XIII, mai bindiga biyu, an ƙera fiye da 8000, shi René Fonck na Faransa da Eddie Rickenbacker na Amurka suka hau. Béchereau ya rayu har 1970.

A gidan tarihin jiragen sama na Le Bourget, arewa da Paris, an ajiye jirgin tseren Deperdussin mai gangar ƙwai, an kuma ajiye ɗaya daga cikin SPAD VII na Guynemer, da hoton shamuwar rukuninsa a gefe. Wanda ya matsa kusa da shi ya dubi tsakanin fukafukan zai ga siraran sandunan nan a inda wayoyi suka gicciya, a wurin da aka fara kafa su a 1915.